Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Tarihin Gasar Mutum-mutumin Ɗalibai, Daga Gangaren Wudil Zuwa Filin Masara

Na san mafi yawan masu karatu sun fi sabawa da ƙagaggun labarai, na soyayya ko na jarumta, to amma yau ina roƙon a yi mini uzuri, domin tarihi na zo da shi. Tarihin wata irin gasa ce da ɗalibai ke yi a ƙasashen duniya kimanin shekara 50 ke nan, inda ake ba su kaya da ƙa'ida da wa'adi, a ce su ƙera na'urar da za ta yi wani aiki a bainar jama'a. Abin da ya ja ni ga wannan rubutu kuwa wata kunya ce da na sha tare da wasu yara, wadda ta tuna mini da wata kunyar da na sha tun ina yaro a garinmu Wudil. Zan fara da ta yarinta, in ƙare da ta girma, tarihin kuma ya zauna a tsakaninsu.

Motar kara

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa kafin wayar hannu ta shigo ya san motar kara da motar langa-langa. Da kaka ta yi, an kawo kara gida, sai mu bi muna zaɓar sille mai kyau, mu feƙe ɓawon ya zama ƙusa, totuwar ta zama katako, taya kuwa a yanko ta daga sakaina ko tsohon silifa. A unguwarmu akwai wani gangare da ke miƙewa wajen kogi, a nan muke tsere. Ƙa'idar ɗaya ce: a jera motoci a saki, ba turi, wadda ta fi nisa ita ta ci.

Wata shekara na shafe kusan mako biyu ina haɗa wata babbar mota mai bodin katako, irin waɗanda muke gani suna tsallaka gada ranar Juma'a sun nufi kara ɗaukar shanu. Na yi mata madubi, na yi mata tsani, har da rubutu a goshi. Ranar da na fito da ita yara suka yi ta bi na a baya. Shi kuwa wani yaro ɗan maƙwabtanmu ya zo da wata aba da ba ta da ko kan direba: kara huɗu a kwance, tayoyi a buɗe nesa da juna, ya zura sandar tayar cikin bututun biro ya ɗiga mata man gyaɗa, sannan ya ɗaure dutse a cikinta daf da ƙasa. Muka yi masa dariya har da riƙe ciki. Da aka saki, tawa ba ta yi taku goma ba ta ci karo da ɗan tudu ta kife, madubi ya yi nan, tsani ya yi can. Tasa kuwa sai da aka bi ta da gudu kada ta faɗa ruwa.

A lokacin na ce sa'a ce. Sai da na girma na gane cewa yaron nan zaɓi ya yi. Ya tambayi kansa abin da gangaren yake so, ya ba shi, ya bar sauran. Ni kuwa abin da idon mutane yake so na tambaya. Wannan bambanci shi ne ƙashin bayan duk tarihin da zan kawo.

Suna linzami

Kafin mu shiga gasar, bari mu ɗan tsaya a kan suna. Mu muna cewa mutum-mutumi ko butum-butumi, wasu kuma su ce saƙago. Sunan da Turawa ke amfani da shi ya fito ne daga wani wasan kwaikwayo da marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek, ya wallafa a 1920, kuma asalin kalmar a harshensu tana nufin aikin tilas. Wato su aiki suka kalla suka raɗa suna, mu kuwa siffa muka kalla. Wannan ya yi mana illa ba kaɗan ba, domin da ka ce wa yaro ya ƙera mutum-mutumi, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne kai da ido da hannuwa biyu, alhali mafi yawan waɗanda ke aiki a masana'antun duniya ba su da ko ɗaya daga cikin kamannin ɗan Adam in ban da hannu guda.

Kuma sana'ar ba baƙuwa ba ce a tarihin da muka gada. A Bagadaza, wajen shekarar 850, 'yan'uwan nan uku da ake kira Banu Musa sun rubuta littafi mai ɗauke da dabaru kusan 100 na na'urori masu sarrafa kansu. A 1206 kuma Isma'il al-Jazari, injiniyan fadar Diyarbakir a Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa da ya bayyana na'urori 50, ciki har da agogon giwa da na'urar zuba ruwan wanke hannu. Abin da ya fi burge ni da al-Jazari shi ne bai ɓoye sirri ba: ya zana kowace na'ura, ya faɗi yadda ake haɗa ta, domin wani ya iya maimaitawa. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwati ɗaya, dabara daban-daban

Gasar ɗalibai irin ta yau ta samo asali ne a jami'ar MIT da ke Amurka a shekarun 1970. Akwai wani darasin koyon zayyana na'ura mai lamba 2.70, wanda wani malami mai suna Woodie Flowers ya mayar da shi gasa. Kowane ɗalibi za a ba shi akwati iri ɗaya da na ɗan'uwansa: 'yan katakai, kwali, roba, waya, ƙaramin injin lantarki. Aiki ɗaya, wa'adi ɗaya. Hikimar a nan ita ce, tunda kayan kowa ɗaya ne, ba wanda zai ce kuɗi ne suka kayar da shi. Abin da ya rage kawai shi ne wane ne ya fi fahimtar aikin, wane ne kuma ya san abin da zai bari a cikin akwati bai taɓa ba.

A daidai wannan zamani, a 1977, wata mujallar injiniyoyin lantarki ta Amurka mai suna IEEE Spectrum ta sanar da gasar ɓeran lantarki, aka yi wasan ƙarshe a birnin New York a 1979. Za a gina gida mai lunguna da yawa, a saki ƙaramar na'ura ta nemi hanyar fita da kanta. Manyan masana suka duƙufa suna sa wa nasu ɓerayen ƙwaƙwalwar da za ta haddace lungu ta lissafa hanya. Sai ga wasu sun zo da ɓerayen da ba su san komai ba illa su manne wa bango ɗaya su yi ta bin sa da gudu, kamar makahon da ya dafa katanga. Ga mamakin kowa, waɗannan marasa ƙwaƙwalwa suka ba masu lissafi kunya wajen sauri. Dole daga baya aka sauya ƙa'ida, aka mayar da wurin da ake nema tsakiyar gidan, aka tsara bangayen yadda mai bin bango ba zai taɓa isa ba. Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya. Na farko, mai sauƙin da ke aiki ya fi mai wuyar da ke tunani. Na biyu, ƙa'idar gasa ita ke haifar da siffar na'ura, in ka sauya ƙa'ida ka sauya abin da yara za su koya.

A Japan kuma wani farfesa mai suna Masahiro Mori ya ga ɗalibansa sun gaji da allo da alli, sai ya ba su aikin da ya zama tushen gasar da gidan talabijin na NHK ya fara a 1988 tsakanin kwalejojin fasaha. Aikin shekarar farko shi ne: da batir biyu kacal, irin manyan nan na tocila, a ƙera keken da zai ɗauki mutum ya yi tseren mita 35. Mai karatu ya auna wannan. Ƙarfin da ke cikin batir biyu bai taka kara ya karya ba, saboda haka komai ya koma kan zaɓi. In ka haɗa giyar gudu, keken ba zai ma iya tashi daga tsaye ba. In ka haɗa giyar ƙarfi, zai tashi amma hawainiya za ta wuce shi. Kowane ƙarfe da ka ƙara nauyi ne, kowane wurin da taya ke gogar wani abu ɓarnar wuta ce. Duk direban da ya taɓa hawa tudu da lodi ya san wannan magana: lamba ɗaya ƙarfi, lamba huɗu gudu, ba a samun su a lokaci guda. Daga wannan gasa ce aka samu ta ƙasashen Asiya da ake kira ABU Robocon, wadda aka fara a 2002.

Filin masara

A 1989 wani mai ƙirƙira ɗan Amurka, Dean Kamen, ya kafa ƙungiyar FIRST, ya jawo Woodie Flowers suka ɗauko dabarar akwati ɗaya suka kai ta makarantun sakandare. Gasar farko an yi ta a 1992 a ɗakin wasanni na wata makaranta a garin Manchester na jihar New Hampshire, da ƙungiyoyi 28. Aikin shi ne tattara ƙwallayen tanis, to amma sai aka malale filin da ƙwayar masara. Wanda duk ya gwada na'urarsa a kan daɓe mai santsi ya zo ya tarar taya na juyawa a wuri ɗaya tana haƙa rami, kamar motar da ta kafe a yashin bakin kogi. Tun daga ranar farko ke nan aka koya wa yara cewa ƙasa ake fara tambaya kafin a yanka taya.

Gasar ta girma har ta kai dubban ƙungiyoyi a ƙasashe da dama, kuma ƙa'idojinta na shekaru masu yawa sun cancanci a duba su. A farkon Janairu ake bayyana wasan shekara. Mako shida ake bayarwa a gama gini a rufe na'ura, har zuwa 2020 da aka janye wannan sharaɗi. A shekarun baya, ƙa'ida ita ce nauyi kada ya wuce kimanin kilo 54, ban da batir. A waɗancan shekaru wasa kimanin minti biyu da rabi ne, daƙiƙa 15 na farko na'ura ce ke tuƙa kanta, sauran kuma ɗalibi ne ke riƙe da linzami. A cikin akwatin shekarun farko har da injin ɗaga gilashin mota da injin na'urar huda katako. A ƙarƙashin waɗannan iyakoki, ga manyan zaɓuɓɓukan da kowace ƙungiya ke fuskanta, kuma har yau ba su sauya ba.

Na farko, ƙafa. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi tayoyin dama da injinsu, na hagu da nasu, in ana son juyawa a ba gefe ɗaya wuta fiye da ɗayan, kamar katafila. Masu wannan tsari sukan sa taya shida, su ɗan sauke ta tsakiya ƙasa kaɗan domin na'urar ta riƙa juyawa a kanta ba tare da turjiya ba. Akwai kuma tayoyi masu ƙananan gangare a jikinsu da ke ba na'ura damar tafiya a karkace kamar ƙaguwa, sai dai ba su da riƙon ƙasa, abokin hamayya na iya ture su. Sannan akwai tsarin da kowace taya ke da inji biyu, ɗaya na tafiya ɗaya na juya ta, wato inji takwas ga taya huɗu. Wannan ya fi kowanne iya rawa a fili, kuma ya yaɗu sosai a shekarun 2020 bayan kamfanoni sun fara sayar da shi a haɗe, amma yana cin kuɗi, yana cin nauyi, yana cin lokacin rubuta manhaja, kuma wurin lalacewarsa ya ninka.

Na biyu, tsayi da nauyi. Batir shi ne abu mafi nauyi, don haka ƙwararru kan kwantar da shi can ƙasa a tsakiya, daidai inda ɗan maƙwabtanmu ya ɗaure dutsensa. Duk hannun da ya miƙe sama ɗauke da kaya yana jan na'urar zuwa kifewa, kuma wadda ta kife ta gama wasa.

Na uku, yawan aiki. Masu shirya gasa da gangan suke zuba hanyoyin samun maki da yawa, fiye da abin da ƙungiya ɗaya za ta iya a mako shida. Tarko ne. Sabbin shiga sukan ce za su yi duka, su ƙare da na'urar da ke yin abu biyar rabi-rabi. Tun daga 2005 ana buga wasan ne uku da uku, kuma manyan ƙungiyoyi su ke zaɓar abokan tafiya a zagayen ƙarshe. Wanda suke nema shi ne mai yin abu ɗaya ba fashi, ko da tare hanya ne kawai. Taura biyu ba ta taunuwa.

Na huɗu, ƙwaƙwalwa. Me za a bar wa na'ura ta yanke da kanta, me za a bar wa direba? Idon lantarki na iya ganin layi ko launi fiye da mutum sauri, amma hasken ɗaki in ya sauya sai ya rikice. Na biyar kuwa, wanda aka fi mantawa, shi ne lokaci da gyara. Ƙungiyar da ta gama a mako na huɗu ta ba direbanta mako biyu yana atisaye takan doke wadda ta fi ta dabara amma ta ɗaure notin ƙarshe a daren tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan tsakanin wasa da wasa wani lokaci 'yan mintuna ne, in sai an kwance rabin na'ura kafin a kai ga wayar da ta tsinke, an yi asara.

Da gasar ta iso Afirka

Matsalar da ta daɗe tana hana mu shiga ita ce tsadar akwatin. Wannan ne ya sa a 2012 Ayorkor Korsah ta jami'ar Ashesi a Ghana da Ken Goldberg na jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka shirya gasar ƙera mutum-mutumin koyarwa da bai wuce dala 10 ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi nasara, Thomas Tilley, wanda a lokacin yake zaune a Tailan, ya ɗauki abin riƙewa na wasan bidiyo, ya mayar da injinan da ke sa shi karkarwa suka zama masu juya taya, ya soka alewa mai tsinke guda biyu a kan maɓallansa, yadda in na'urar ta yi karo da wani abu nauyin alewar zai karkata maɓalli, kwamfuta ta san an yi karo. Kuɗin kayan duka dala 8.96. Da na karanta wannan labari sai na tuna da bututun biro da man gyaɗa.

A Senegal, Dokta Sidy Ndao ya kafa gasar ɗaliban Afirka da ake kira PARC, wadda ta fara daga Dakar. A 2019 'yan matan makarantar Methodist da ke Mamfe a Ghana suka ciwo kambin duniya na gasar Robofest a jihar Michigan. A Nijeriya kuma gidauniyar Coderina ta daɗe tana shirya gasar FIRST LEGO League tsakanin makarantu, sannan a 2020 gwamnatin tarayya ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja ƙarƙashin hukumar NITDA.

Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na watan Yulin 2017, lokacin da aka yi gasar FIRST Global ta farko a birnin Washington, da ƙungiyoyi daga ƙasashe fiye da 150, har da Nijeriya. Jigon shekarar ruwan sha ne: ƙwallaye shuɗɗa su ne ruwa mai tsabta, masu ruwan lemo su ne ƙazanta, na'ura ta tsince su ta rarrabe. 'Yan mata shida daga Herat ta Afganistan sau biyu ana hana su bizar Amurka kafin daga baya a bar su su shiga, akwatin kayansu kuma ya makale a hanya, har ya zama mako biyu kacal suka samu na gini alhali wasu sun samu watanni. Duk da haka suka kawo na'urar da ke aiki, aka ba su lambar azurfa ta jarumta. A 2020 da annobar korona ta zo, 'yan wannan ƙungiya suka haɗa samfurin na'urar taimaka wa numfashi da kayan tsohuwar mota ƙirar Toyota Corolla. Wanda ya koyi zaɓi a filin wasa, ranar da wasa ya ƙare zai san abin da zai ɗauka a cikin bola.

Mu dawo gida

Jihar Kano ba ta rasa tushe ba. Tun 1977 aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu ɗimbin yawa. A 2001 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano ta fara aiki a nan Wudil, kimanin kilomita 40 daga birni, wadda a 2022 aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote. Jami'ar Bayero na da sashen da ke haɗa ilimin inji da lantarki da kwamfuta. Kayan aiki kuwa, wanda ya shiga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ko wajen 'yan gwangwan ya san akwatin Woodie Flowers yana nan zube a ƙasa: injin waifa, boris, sarƙar babur, batirin mashin, tsohuwar firinta.

Masu basira ma ba mu rasa ba. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, ɗan shekara 24, wanda ya shafe wata takwas yana haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, da kujerun tsohuwar Toyota, da wasu sassa na wani jirgin Boeing 747 da ya faɗi kusa da Kano. Jirgin ya tashi, ko da yake bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. A 2022 kuma kafafen labarai sun nuna wani matashi ɗan shekara 17 a Kano da ya haɗa mutum-mutumi mai kwaikwayon motsin hannunsa, da kwali da bututu da waya da ƙananan injina. Waɗannan abin alfahari ne. To amma mai karatu ya lura da yadda labarin ke zuwa kullum: mutum ɗaya, a tsakar gida, 'yan jarida su zo, manya su yi alkawari, a watse. Baje koli muke yi, ba gasa ba. A baje koli ana tafa wa abin da ya yi kyau a hoto. A gasa kuwa agogo ne alƙali, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga tawa kunyar ta biyu. Shekarun baya kaɗan ɗan ƙanwata ya same ni da yamma ya ce, "Kawu, an gayyaci makarantarmu wata gasa a birni, mu biyar aka zaɓa, muna so ka riƙa duba mana." Aikin shi ne na'ura ta bi baƙin layi, ta kwashi ƙananan ƙwallaye ta zuba a kwando cikin minti uku. Muka yi mako biyar muna aiki a zauren gidanmu. Yaran suka ce a yi masa kai, na ce madalla. Suka sa masa idanu masu walƙiya da lasifikar da ke yin sallama, da hannuwa biyu masu yatsu. Ni da kaina, da furfurata, na ce a ɗora masa hula domin a san daga inda ya fito. Sau uku kacal muka gwada shi daga farko zuwa ƙarshe, duka da daddare, a kan siminti, ƙarƙashin ƙwan lantarki.

Ranar gasa sai muka tarar a farfajiya za a yi, ƙarƙashin rumfa, da hantsi. Hasken rana ya cika idon da ke kallon layi, ya kasa bambance baƙi da fari. Da muka kare shi da kwali ya samu ya kama hanya, sai ya ɗaga hannu da ƙwallo ɗaya, nauyi ya rinjaye shi ya faɗi ta fuska, yana kwance yana ta rangaɗa wa jama'a sallama har batir ya mutu. Waɗanda suka ci wasu 'yan mata ne da suka zo da wani abu kamar akwatin takalmi, gabansa da faranti irin na kwasar shara, idonsa a lulluɓe cikin baƙar roba daf da ƙasa. Ba ya ɗaga komai sama, tura ƙwallayen kawai yake yi su hau farantin, ya juye. Na tambayi malamarsu sau nawa suka gwada, ta ce sun daina ƙirgawa, kuma a rana suke yi, a inuwa, a kan tabarma, a kan yashi.

A mota muna komowa ba mai magana, sai da muka hango gada ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, ashe hular ba ta da maki." Na ce masa, "Ɗana, laifina ne. An taɓa koya mini wannan karatu a gangaren can, na manta."

Abin da nake roƙo

Ba ina cewa kyau laifi ba ne, ko kuwa kada yaro ya yi mafarkin abu mai wuya. Masu bin bango ma ai an zo an sauya musu ƙa'ida, dole suka koyi lissafi, kuma ɓerayen lantarki na yau suna ƙare gidan nan mai lunguna cikin 'yan daƙiƙoƙi. Abin da nake cewa shi ne a fara da mai aiki, a gwada shi har a gaji, sannan a ƙara masa dabara ɗaya. Wannan tarbiyya ba a samun ta daga lacca, sai a fili, inda yaro zai faɗi bana ya dawo baɗi.

Don haka roƙona ga malaman jami'ar da ke garinmu, da shugabannin makarantun sakandare na Wudil da Gaya da Garko da Dawakin Kudu, da 'yan kasuwarmu masu hali, shi ne a kafa gasa ta shekara-shekara a nan gida. Ba sai an jira akwati daga Amurka ba. A haɗa akwati iri ɗaya daga kasuwanninmu, a ƙayyade kuɗin da ba za a wuce ba domin ɗan talaka ya shiga. A ɗauko aikin daga rayuwarmu: na'urar da za ta ɗauki mudun shinkafa ta tsallaka yashi, ko ta rarrabe jan tumatir da ɗanye, ko ta tsince leda a magudanar ruwa. A sa maza, a sa mata. A gayyato masu walda da masu gyaran babur da masu gyaran waya su zauna tare da injiniyoyi a matsayin masu ba da shawara, domin sun san abin da ƙura da zafi ke yi wa inji fiye da littafi. Sannan a wajabta wa kowace ƙungiya ta rubuta abin da ta zaɓa, da abin da ta bari, da dalili, a ajiye a makaranta, kamar yadda al-Jazari ya yi, domin 'yan baya su fara daga inda na gaba suka tsaya.

Su kuwa yaran nan biyar, da suka huce sun kwance mutumin nasu. Kan yana nan a zaure an ajiye shi a kan taga, da hularsa. Injinan da tayoyin kuma suna jikin wata aba mai kama da akwatin takalmi, wadda nakan ji ƙararta a tsakar gida da rana tsaka, ana kai ta ana komowa.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka. Sai mun sake haɗuwa.